Birnin Zunyi Ya Ɗage Bashi, Amma Tsugune Ba Ta Ƙare Ba

A ƙarshen watan Disamba na 2022 wani kamfanin gina hanyoyi da gadoji mallakar hukumar birnin Zunyi, cikin lardin Guizhou na ƙasar Sin, ya ba da sanarwar cewa ya daidaita da bankunan da ke binsa Yuan biliyan 15.6. An mai da wa'adin biya shekara 20, an sauko da kuɗin ruwa zuwa tsakanin kashi 3 da kashi 4.5 cikin ɗari. A shekara 10 na farko ruwan kaɗai za a riƙa biya, sa'an nan a shiga rage uwar kuɗin. Ga wanda bai duba da kyau ba, sai ya ce an warware matsala. Alhali kuwa ɗage ta aka yi.

Ya kamata mai karatu ya san yadda aka haƙa wannan rami. A ƙasar Sin filayen birni na gwamnati ne, kusan kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha ta Nijeriya a hannun gwamna. Mai son gina gidaje haya yake karɓa, ta shekara 70. A 1994 gwamnatin tsakiya ta janye kaso mai tsoka na haraji zuwa Beijing, ta bar wa birane nauyin hanya da makaranta da asibiti, doka kuma ta hana su cin bashi da sunansu. Sai birane suka ɓullo da dabara. Hukuma ta kafa kamfani nata, ta miƙa masa fili, shi kuma ya kai filin banki jingina ya karɓo kuɗi. Da kuɗin a shimfiɗa titi, titi ya ɗaga darajar filayen da ke gefensa, a ba da su haya da tsada, a biya banki, a sake karɓo wani.

Muddin farashin fili yana hawa, abin yana tafiya sumul. A 2021 kuɗin da hukumomin larduna da birane suka samu daga filaye ya kai Yuan biliyan 8,700. A ƙarshen shekarar babban kamfanin gidaje Evergrande ya kāsa biyan masu binsa, masu gini suka ja da baya, ya zuwa 2024 kuɗin bai kai biliyan 5,000 ba. Fili yana nan, jingina tana nan, mai saye ne babu.

To, a irin wannan hali sabunta bashi ba abin kunya ba ne. Da an tilasta wa Zunyi biya nan take, da sai ta karyar da filayen jama'a a farashin banza, ko kuwa ta taɓa albashin ma'aikata. Amma duk ɗan kasuwar da ya taɓa cin bashin wani don ya sallami wani ya san abin da Bahaushe ke nufi da an sayar da kare an sayi biri. A lissafa: ko da a kan kashi 3 ne, ruwan biliyan 15.6 ya haura Yuan miliyan 460 kowace shekara. Watau cikin shekara 10 za a zuba wajen biliyan 4.7, ba tare da uwar kuɗin ta ragu da ko anini ba. Bankuna kuwa sun haƙura da ribar da suka sa rai, kuma kuɗin da ke cikinsu ajiyar talakawa ce.

Hanyar da ta fi wannan inganci ita ce wadda gwamnatin tsakiya ta bi. Daga 2015 aka yardar wa larduna su sayar da takardun lamuni da sunan gwamnati, su fanshi basussukan kamfanonin nan masu tsadar ruwa. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Kuɗi Lan Fo'an ya bayyana cewa ɓoyayyen bashin ƙananan hukumomi ya kai Yuan biliyan 14,300 a ƙarshen 2023, ya kuma sanar da shirin musanya biliyan 10,000 daga ciki. Wannan ma ba biya ba ne. Amfaninsa shi ne bashin ya fito daga aljihun kamfani ya shiga kasafin kuɗi, inda ake ganinsa, ake kuma sanin wanda ya ɗauke shi. Tun farko rashin wannan sani ne ya bar kowane shugaban birni ya jinginar da fili, ya buɗe gada, a yi masa ƙarin girma ya wuce.

A Zunyi kuwa sai wajen 2033 za a fara taɓa uwar kuɗin. Yaron da ke aji ɗaya na sakandare ranar da aka sa hannu zai zama mai biyan haraji kafin lokacin, kuma daga harajinsa ko daga ragowar filayen garinsu za a fitar da biliyan 15.6 ɗin.