Sharhi: Aikin Mataimakan Jinya da Batun Kula da Tsofaffi a Karkara

Idan za a iya tunawa, a watan Janairun shekarar 2018 ne tsohon Shugaban Ƙasa, marigayi Muhammadu Buhari, ya rattaba hannu a kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta soma aiki a shekarar 2021 a ƙarƙashin shugabarta ta farko, Dakta Emem Omokaro. A wannan shekara ta 2021 ɗin ce kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da Manufar Ƙasa Kan Tsufa. Daga cikin ayyukan da cibiyar ta gudanar a shekarun da suka biyo baya, akwai haɗa gwiwa da Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, mai hedikwata a Kaduna, inda suka fitar da ma'aunin sana'ar kula da tsofaffi mataki-mataki, ta yadda wanda ya koyi aikin zai iya samun takardar shaida kamar yadda mai gyaran lantarki ko mai aikin famfo yake samu.

Mai karatu da ke zaune a ƙauye zai iya tambaya, to mene ne ruwansa da wannan, alhali shi bai taɓa tunanin kai mahaifinsa gidan gajiyayyu ba, kuma ba zai yi ba? Wannan tambaya tana bisa hanya. A ƙasar Hausa abin kunya ne mutum ya fitar da iyayensa daga gida don sun tsufa, kuma babu wanda ke neman a sauya wannan ɗabi'a. Amma abin da dokar da ma'aunin suka tabbatar shi ne, jinyar tsoho mai dogon kwanciya aiki ne da ke da ilimi da ƙa'idoji, kuma so da tausayi kaɗai ba sa koyar da mutum waɗannan ƙa'idoji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa nan da shekarar 2030, mutum ɗaya cikin kowane mutum shida a duniya zai kasance ɗan shekara 60 ko fiye, kuma zuwa 2050 yawan irin waɗannan mutane zai kai biliyan 2.1, akasarinsu a ƙasashe masu tasowa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2021 zuwa 2030 domin yekuwar tsufa cikin ƙoshin lafiya. A nan gida kuwa ba sai an kawo alƙaluma ba. Samari sun tafi ci-rani Legas da Abuja da Fatakwal, rashin tsaro ya raba iyalai da garuruwansu a wasu yankuna, hawan jini da ciwon sukari kuma suna barin mutane da shanyewar ɓarin jiki. Wadda nauyin ke faɗawa a kanta, a mafi yawan gidaje, ita ce matar ɗa, ko jika da aka cire daga makaranta, ko kuma matar tsohon wadda ita ma ƙarfinta ya ƙare. Waɗannan su ne mataimakan jinya na haƙiƙa a karkararmu, sai dai babu wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda ake yi.

Shi mataimakin jinya, kamar yadda aka san shi a inda sana'ar ta kafu, ba likita ba ne, kuma ba nas ba ne. Aikinsa shi ne taimaka wa tsoho a kan abubuwan da mai lafiya ke yi wa kansa kullum ba tare da tunani ba. Tun a shekarar 1963 wani likita ɗan Amurka mai suna Sidney Katz ya taƙaita su zuwa shida: wanka, sa tufafi, zuwa bayan gida, tashi daga shimfiɗa zuwa wurin zama, riƙe fitsari da bayan gida, da kuma cin abinci. Da wannan ma'auni ake gane yawan taimakon da mutum ke buƙata. Darasi na farko da ake koya wa mataimaki kuwa yana iya ba mutanenmu mamaki, domin cewa ake yi kada ya yi wa tsoho abin da tsohon zai iya yi da kansa. Idan Baba zai iya riƙe ludayi ya sha fura, ko da hannunsa na rawa, ko da zai ɓata riga, a bar shi ya riƙe. Gaɓar da aka daina amfani da ita tana saurin sandarewa, kuma mutumin da aka mayar kamar jariri yakan karaya a zuciya tun kafin jikinsa ya gaza. Mu kuwa mun ɗauki yi wa tsoho komai a matsayin ladabi, har muna tsawata wa yaro idan ya bar kakarsa ta ɗauki buta da kanta.

Babban abin da ke bambanta wanda ya koyi aikin da wanda bai koya ba shi ne sanin gyambon kwanciya. Idan mutum ya daɗe a kwance ta ɓangare ɗaya, nauyin jikinsa yakan danne fata tsakanin ƙashi da shimfiɗa, jini ya kasa isa wurin, naman ya soma mutuwa. Wuraren da abin ya fi kamawa su ne ƙasan gadon baya dab da mazaunai, da kwatangwalo, da diddige, da idon sawu, da gwiwar hannu, da allon kafaɗa, da ƙeya. Ba ya buƙatar makonni. Cikin sa'o'i kaɗan yana iya farawa, musamman ga wanda ya rame ko wanda fitsari ke jiƙa shi. A jikin mai hasken fata alamar farko ita ce ja, amma a jikin baƙar fata irin tamu jan ba ya fitowa sosai, don haka sai a duba wurin da ya fi sauran duhu, ko ya yi ɗumi, ko tauri, ko sheƙi. Da yawa daga cikin iyalai ba sa lura sai fata ta buɗe, ruwa da wari sun soma fita, sai a ce ai sammu ne ko ciwon daji, a shiga barbaɗa gari da toka, alhali gyambon yana cin nama har ya kai ga ƙashi, ƙwayoyin cuta su shiga jini. Tsofaffi da dama sun tsira daga shanyewar jiki, amma gyambon kwanciya ya yi ajalinsu.

Rigakafinsa kuwa ba ya cin kuɗi, sai dai yana cin haƙuri. Ƙa'idar da aka daɗe ana koyarwa ita ce a juya majinyaci kamar bayan kowace sa'a biyu, dare da rana: dama, baya, hagu. A sa matashi tsakanin gwiwoyinsa idan yana kwance ta gefe, a sa wani a ƙarƙashin ƙwaurinsa domin diddige ya ɗaga daga shimfiɗa. Kada a ja shi a kan tabarma, domin jan yana yage fata. Mutum biyu su kama zanen da ke ƙarƙashinsa su ɗaga. Shimfiɗa ta kasance busasshiya, babu tattarewa, babu ɓurɓushin abinci. Idan an sa leda don kare katifa, to a rufe ta da zanen auduga, kada fata ta zauna a kan leda kai tsaye, balle a lokacin bazara. Wurin da ya riga ya sauya launi ba a murza shi. A gidan da babu agogo, ana iya ɗaura juyin a kan lokutan salla da na abinci, a ƙara da hantsi da kuma sau biyu ko uku cikin dare, a raba dare tsakanin mutanen gida, domin mace ɗaya ba za ta iya wannan tsawon watanni ba tare da ita ma ta kwanta ba.

Ciyarwa ma tana da nata haɗarin. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye sau da yawa haɗiya tana yi masa wuya, kuma idan aka ɗura masa koko yana kwance, wani abu yakan bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, bayan kwana biyu sai zazzaɓi da ciwon huhu. Saboda haka a zaunar da shi tsaye, a ba shi kaɗan-kaɗan, a jira ya haɗiye, a bar shi a zaune kamar minti 30 bayan ya gama, sannan a wanke masa baki. Tari a lokacin cin abinci, ko murya ta koma kamar akwai ruwa a maƙogwaro, alama ce da ya kamata a kai wa ma'aikacin lafiya. Haka nan tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, don haka a watannin Maris zuwa Mayu ba a jira sai ya nemi ruwa.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Wajen sa riga a fara da hannun da ya shanye, wajen cirewa a fara da mai lafiya. Sanda ana riƙe ta a ɓangaren da ke da ƙarfi. A share hanyar da tsoho ke bi zuwa bayan gida, a ajiye masa tocila da fo a kusa da dare, domin karayar kwatangwalo tana kwantar da tsoho kwanciyar da ba kowa ke tashi ba. Mai ɗaga majinyaci ya durƙusa da gwiwoyinsa, kada ya sunkuya da bayansa. A wanke hannu da sabulu kafin taɓa majinyaci da bayan taɓa shi. A duba ƙafar mai ciwon sukari kullum, har tsakanin yatsu.

Sai batun mutunci, wanda littattafan koyar da sana'ar suke sakawa a gaba, kuma al'adarmu da addininmu sun riga su. A yi sallama kafin a shiga, a saki labule, a buɗe gaɓar da ake wankewa kaɗai, a gaya wa tsoho abin da za a yi masa kafin a yi. Mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji gwargwadon hali, wanda hakan ke nuna cewa horarwa ba ta mata kaɗai ba ce. Dattijon da ya yi shekara 40 yana limanci ba zai yarda matar ɗansa ta yi masa tsarki ba, kuma yana da gaskiya. Abin da aka gani a ɗakin jinya ba labarin bakin rijiya ba ne. Inda abin ya fi ciwo shi ne gigin tsufa. Tsohuwar da ta manta sunan 'ya'yanta, take fita da dare, take zargin an sace mata kuɗi, cuta ce ta taɓa ƙwaƙwalwarta, ba mayya ba ce, kuma ɗaure ta ko kulle ta a ɗaki ƙara mata firgita yake yi. Ba a yin gardama da ita, lallashi ake yi a karkatar da hankalinta. Amma a lura: gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa alamar zazzaɓi ce, ko cutar mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko faɗuwar sukari, kuma tana buƙatar asibiti a ranar.

A nan ne ya kamata shugabannin ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautun gargajiya su buɗe ido, domin duk lokacin da aka ba mutum horon mako biyu da farar riga, to akwai yiwuwar ya koma ƙauye ya zama "likita". Mataimakin jinya ba ya rubuta magani, ba ya yin allura, ba ya ƙarin ruwa, ba ya sa robar fitsari, ba ya yanke ruɓaɓɓen nama a gyambo. Waɗannan na ma'aikatan da ke da rajista ne da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, ko hukumar rajistar jami'an lafiyar al'umma, kowa gwargwadon hurumin da doka ta ba shi. Nasa shi ne ya lura, ya rubuta a ɗan littafi abin da majinyaci ya ci, da yawan fitsarinsa, da yanayin fatarsa, sannan ya kai rahoto. A ganina duk shirin horarwar da ba a ɗaura shi a kan wata cibiyar lafiya da za ta riƙa sa ido ba, zai ƙara mana yawan likitocin bogi ne kawai, kuma gara a bar shi.

Hanyoyin da za a bi kuwa akwai su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta lissafa tsofaffi a cikin rukunin masu rauni da aka tanadar wa asusu na musamman. Shirin CHIPS da aka ƙaddamar a Lafiya, Jihar Nasarawa, a 2018, ya nuna cewa ana iya zaɓar mata daga cikin unguwa a horar da su su riƙa shiga gida-gida, duk da cewa hankalinsa ya fi karkata ga mata masu ciki da ƙananan yara. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi 774 kuma ya rage wa shugabanninsu uzurin cewa abin ba a hannunsu yake ba. Ba gini ake buƙata ba. Abin da ake buƙata shi ne nas ko jami'in lafiyar al'umma ya tara masu jinya na mazaɓa a cibiyar lafiya na kwana biyu ko uku, da katifa ɗaya da matasai uku, ya nuna musu juyi da ɗagawa da ciyarwa, su gwada a jikin juna, sannan a sa ziyarar gidajen masu dogon kwanciya a jadawalin wata-wata, a tanadi safar hannu da sabulu da leda. Matasan da suka nuna hazaƙa kuma a tura su neman takardar shaidar sana'ar, domin a birane iyalai sun soma biyan kuɗi a kan wannan aiki.

Kafin duk wannan, sai an san yawansu. Sashen lafiya na ƙaramar hukuma zai iya neman hakimai su umarci dagatai da masu unguwanni su kawo sunayen gidajen da ke da tsohon da ya wuce wata guda bai iya tashi da kansa ba, tare da sunan mai jinyarsa da shekarunta, a miƙa wa kwamitin ci gaban mazaɓa kafin a zauna tsara kasafin kuɗin shekara mai zuwa.