Motar Kara Ba Wasan Banza Ba Ce

Gabatarwa

Duk wanda ya duba irin batutuwan da mu ɗaliban Hausa muke zaɓa idan lokacin rubuta kundi ya zo, zai tarar mun yi wa waƙa da karin magana da tatsuniya da bukukuwa hidima mai yawa, kuma haƙiƙa sun cancanci haka. Amma akwai wani fanni na al'adunmu da ba mu cika waiwayarsa ba, watau ƙere-ƙeren yara, musamman ƙananan motocin da sukan yi da kara ko langalanga ko gwangwani. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ga wannan fasaha, in kwatanta ta da takwararta ta ƙasashen waje, sa'an nan in bayyana dalilin da ya sa nake ganin sakaci da ita asara ce ga harshe da kuma ga ƙasa. Zan ɗauki misalaina daga Dandin Mahe da ƙauyukan da ke kewaye da ita a yankin Shagari da Boɗinga, domin nan ne na fi sani.

Yadda abin yake a ƙasashen waje

A Ingila da Amurka da Jafan, haɗa ƙananan motoci sha'awa ce da yara da manya suke yi, har da dattawa masu furfura. Mutum yakan sayi kwali wanda ke ɗauke da gutsattsarin roba da aka riga aka zuba a kamfani, tare da takardar bayani mai nuna inda kowane yanki zai zauna. Sai ya ciccire su ɗaya bayan ɗaya, ya goge bakinsu, ya liƙa da gam, ya shafa fenti, ya manna lamba da tambari, har abin ya fito kamar an ɗauko motar gaske an matse ta. Daga nan sai ya jera ta a kanta tare da sauran da ya tara.

Wannan harka tana da tarihinta. Kamfanin Airfix na Ingila ya fara yin irin waɗannan kayayyaki ne a 1949 da ƙaramar tarakta samfurin Ferguson. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Jafan, wanda aka kafa a 1946, asalinsa wurin yankan katako ne, kuma da katako ya fara yin irin waɗannan kayayyaki kafin ya koma roba. Akwai kuma ƙananan motocin ƙarfe da ake sayarwa a haɗe domin masu tarawa, irin su Matchbox da suka fito a 1953 da Hot Wheels da suka fito a 1968.

Ginshiƙin wannan sana'a duka shi ne ma'auni. Idan aka rubuta 1:24 a jikin kwali, ana nufin kowane sashe na ƙaramar motar kashi ɗaya ne cikin 24 na takwaransa a jikin babbar. Alal misali, Fijo 504 da muka sani tsawonta kimanin mita 4 da rabi ne, saboda haka 'yar ƙaramarta a wannan ma'auni za ta kai kusan santimita 19. Taya da ƙofa da sitiyari duk da wannan lissafi ake rage su, ba a yarda wani ya fi wani ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu, domin zan komo gare shi.

Yadda abin yake a gida

A Dandin Mahe, kamar sauran garuruwan manoma, kaka ita ce lokacin wannan aiki. Da zarar an girbe gero da dawa, kara ya wadata a gonaki da bayan gida, sai ka ga yara sun yi gungu a gindin bishiya ko a bakin zaure, kowa da reza ko guntuwar wuƙa. Sukan ɓare bayan karan su fitar da siraran tsinkaye masu ƙarfi, su bar totuwar ciki mai laushi. Totuwa ita ce katako, tsinkayen nan su ne ƙusa, wani lokaci kuma a yi amfani da ƙaya. Da su ake tayar da gindin mota, a ɗora bodi, a fitar da kai da ƙofofi. Tayoyi kuwa a da daga sakaina ake fafe su, daga baya aka koma ga marfin kwalba da tsohon silifa. Yaron da ya ƙware yakan wuce kara ya shiga langalanga da waya da gwangwanin madara ko na tumatir, ya ɗaure mahaɗai da robar tayar keke, ya sa doguwar sanda mai sitiyari a ƙarshenta, ta yadda idan ya murɗa daga tsaye tayoyin gaba za su juya. Ado ma ba a bar shi a baya ba: akwai shuni da galura da gawayi da alli da takardar alewa mai walƙiya, har a rubuta wa motar addu'a ko habaici a goshi kamar yadda direbobin manyan motoci suke yi.

Samfurin da yaron ke kwaikwaya ba daga takarda ya samo shi ba. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal zuwa Jega ita ce makarantarsa, tare da motocin da ke shigowa ƙauye ranar kasuwa. A nan yake ganin tirela da tifa da tanka da a-kori-kura, ya ƙare musu kallo, ya leƙa ƙarƙashinsu idan karen mota bai kore shi ba, ya ƙirga tayoyi, ya koma gida da hoton a kansa.

Wa ya fi wani wahala?

To, yanzu sai mu auna. Mai haɗa motar kwali an riga an yi masa tunani: wani ne ya auna motar gaske, wani ya zana, wani ya zuba robar, wani ya rubuta bayani. Nasa shi ne haƙuri da tsabtar hannu, kuma ba na raina su. Shi kuwa yaron Dandin Mahe shi ne mai zane, shi ne mai neman kayan aiki, shi ne maƙeri, shi ne mai fenti, shi ne kuma direban da zai gwada ta a kan turɓaya. Idan taya ta ƙi juyawa, babu takardar da zai duba, tilas ya gano da kansa cewa ramin ya matse ko sandar ta karkace. Wancan haɗi yake yi, wannan kuwa ƙira yake yi, kuma tsakanin haɗi da ƙira akwai tazara mai nisa.

Wannan bambanci ba a wasan yara kaɗai ya tsaya ba. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita, Nijeriya ta shiga yarjejeniya da kamfanonin Turai aka kafa wuraren haɗa motoci: Peugeot a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, da Volkswagen a Legas, da Fiat a Kano, da Steyr a Bauchi, da Leyland a Ibadan, da Mercedes a Inugu. Mafi yawan sassan motocin a cikin akwatuna suke zuwa daga waje, namu shi ne ɗaurawa. Watau dai motar kwali ce babba. Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, darajar naira kuma ta zube daga 1986, sai sayo akwatunan ya gagara, yawancin wuraren nan suka durƙushe. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ƙasar da ta iya haɗi ba ta iya ƙira ba, ranar da mai kwali ya riƙe kwalinsa sai ta zauna.

Haka kuma aka yi a makarantu. Tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya shigo da darasin share fagen fasaha a ƙananan makarantun sakandare, aka sayo injuna daga ƙasashen waje, amma a wurare da dama babu wutar lantarki, babu kuma malamin da ya san kansu, sai suka tsufa cikin akwatunansu. Alhali a bayan katangar makarantar ga yara nan suna lanƙwasa waya suna yin sitiyari mai aiki, ba wanda ya kira su ciki. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Abin da masu suka za su ce

Na san akwai mai cewa wannan duk kuri ne, motar kara ba ta taɓa kai kowa kasuwa ba, kuma yaron da ya shagala da ita yakan yi wasa da karatun allo da na boko da aiken iyaye. Amsata ita ce, babu wasan da ba ya buƙatar iyaka, kuma iyaka aikin iyaye ne. Amma hana abu dabam, tsara masa lokaci dabam.

Suka ta biyu ta fi wannan nauyi, kuma na yarda da ita. Motar kara ba ta da ma'auni. Sau da yawa za ka ga taya ta yi wa bodi girma, ko kai ya rinjayi gindi, domin da ido kawai aka auna. Ba a ƙera injin gaske da ƙiyasin ido. A nan ne mai motar kwali ya sha gabanmu, kuma a nan ne ya kamata makaranta ta shigo. Da malamin lissafi na firamare zai ɗauki ɗalibansa zuwa tasha da igiyar awo, su auna tsawo da faɗi da tsayin a-kori-kura, su raba kowace lamba da 10 ko da 20, sa'an nan su koma su yi ta da kara bisa wannan lissafi, da yaro ya fahimci rabawa da kaso a yini ɗaya fiye da yadda zai fahimce su a allo cikin wata guda. Wannan darasi ba ya buƙatar lantarki ko kuɗin ƙasar waje.

Kada kuma a ce ɗan wannan yanki ba zai iya kaiwa ƙololuwa a wannan fanni ba. Jelani Aliyu, wanda ya tashi a Sakkwato, ya yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato da Kwalejin Fasaha ta Birnin Kebbi, ya tafi Ditiroit a Amurka ya karanta zanen mota, ya yi aiki da kamfanin General Motors, kuma shi ne ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 ya shugabanci hukumar tarayya mai kula da zane da bunƙasa ƙirar motoci. Basira tana nan. Tambayar ita ce, yara nawa ne masu irin wannan ido suke girma a ƙauyukanmu ba tare da wani ya lura da su ba?

Namu aikin

Wani zai ce wannan magana ta injiniyoyi ce, me ya haɗa ta da ɗalibin Hausa? Abu uku ne. Na farko shi ne harshe. A bakin yaran nan akwai kalmomin gado irin su totuwa da sakaina, suna zaune kafaɗa da kafaɗa da kalmomin aro irin su birki da giya da kuloci da salansa da lagireto. Yadda yaro yake sarrafa su, da sunayen da yake laƙaba wa kowane sashe, da bambancin da za a samu tsakanin Sakkwato da Kano da Katsina da Maraɗi, duk abin nazari ne ga mai sha'awar aron kalmomi da karin harshe. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, lokacin da mota baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Kalmomin da suka tsiro daga baya a bakin yara, mu ne ya wajaba mu bi su mu rubuta.

Na biyu shi ne tarihi. Dokin kara hoton zamanin mahaya ne, motar kara hoton zamanin hanyar kwalta. Abin da yaro ya ƙera yana nuna abin da al'ummarsa take gani da girma, don haka jerin waɗannan kayan wasa tamkar littafin tarihi ne.

Na uku shi ne adanawa. Bature yana tara ƙananan motocinsa, ya san shekarar kowace da kamfanin da ya yi ta. Tamu kuwa kafin damina ta faɗi, akuya ko gara ko murhu sun gama da ita. Ga shi kuma motocin roba masu araha daga ƙasar Sin sun cika kasuwanni, wayar hannu ta ɗauke hankalin yara, shi kansa karan ya zama abin sayarwa domin dabbobi da makamashi. Idan muka yi jinkiri, za a wayi gari sai dai a ba da labari.

Kammalawa

Saboda haka ina ba da shawara guda uku. Sashenmu ya ƙarfafa wa ɗalibai gwiwa su rubuta kundi a kan ƙere-ƙeren yara, da hotuna da jerin kalmomi da bayanin matakan aiki. Ƙungiyar Hausa ta sa kowane ɗalibi ya dawo daga hutun kaka da mota ɗaya daga garinsu, a saya daga hannun yaron da ya yi ta, a rubuta gari da shekara da kayan da aka yi amfani da su, a keɓe musu wuri a sashe, kuma a nemi haɗin gwiwar Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu domin adana mafi kyawunsu. Sa'an nan waɗanda za su fita koyarwa daga cikinmu su shigar da igiyar awo cikin wannan wasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya saba yin abu da hannunsa ba zai girma yana jiran a aiko masa da kwali ba. Allah ya sa mu dace.