Kafin ki zuba kuɗin abincinki a kan retinol

'Yan uwa na ATBU, na Gubi da na Yelwa, da mutanenmu na Gwallameji, ku zo mu yi wata magana. Yanzu kusan kowane ɗaki a hostel akwai 'yar kwalbar retinol, saboda wata a TikTok ta nuna fuskarta tana sheƙi. Ni ra'ayina shi ne: wadda ba ta da kuɗin man kariyar rana, kuma ba za ta iya haƙurin wata uku ba, ta bar shi a kanti.

Ba wai abin banza ba ne. Retinol dangin bitamin A ne, idan ya shiga fata yana sa ta sabunta kanta da sauri, ƙofofin gashi su daina toshewa, ƙuraje su ragu, tabo ya dushe a hankali. Yayansa mai ƙarfi, tretinoin, tun 1971 aka amince da shi a Amurka don maganin ƙurajen fuska. Amma fa ba man bilicin ba ne. Wadda ta saya don ta yi fari kafin bikin ƙawarta, ta yi asarar kuɗi.

Inda matsalar take, yawancin masu tallarsa a bidiyo ba a ranar Bauchi suke yawo ba, kuma da yawansu ba irin fatarmu ce da su ba. Baƙar fata idan ta ji ciwo, da baƙin tabo take ramawa. Retinol kuwa a makonnin farko yana busar da fuska, ta yi zafi, ta yi saɓa. To ki haɗa wannan da tsayuwar jiran mota zuwa Gubi da tsakar rana, ko iskar hunturu da ke tsaga leɓe a Disamba. Tabon da kika so gogewa sai ya ninka, wallahi. Shi ya sa man kariyar rana mai SPF 30 ko fiye ya zama dole kowace safiya. Kuma alwala tana wanke shi, don haka bayan azahar a sake shafawa. Hijabi bai rufe kumatu ba.

Idan dai za ki fara, ki nemi mara ƙarfi, kamar kashi 0.2 ko 0.3 cikin 100. Da dare kawai, fuska a bushe, gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ta isa fuskar duka, a kauce wa gefen ido da gefen baki, sannan a bi da mai mai laushi. Sau biyu a mako, sai fata ta saba a ƙara. Sakamako sai bayan mako 8 zuwa 12, kusan semesta guda ke nan. A ajiye goga da lemon tsami da kanwa da duk wani gurza fuska. Halawa a fuska kuma kul, tana iya tafiya da fatar. Masu shirin dilka, ku ji da kyau.

Wadda ta daɗe tana shafa "haɗi", irin wanda ake zubawa a roba ba suna ba lambar NAFDAC, ita tata ta fi tsanani. Irin waɗannan mayukan sau da yawa akwai hydroquinone ko sinadarin steroid a ciki, wanda ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito. Ɗora retinol a kan wannan fata ƙara gishiri ne a ciwo. Ta fara zuwa asibitin koyarwa ta ga likita, ba mai shago ba.

Sai babbar maganar da masu sayarwa ba sa faɗa. Mu nan da yawa ana aure ana karatu. Mai juna biyu, ko wadda ke neman samu, likitoci sun ce ta nisanci retinol da duk danginsa saboda abin da ke cikinta. Amarya, don Allah ki ajiye shi, kar ki ce ai ɗan kaɗan ne.

Samari masu aron na ƙannensu a ɓoye, mun san ku, dokar ɗaya ce, kuma kar a shafa daren da aka yi aski.

Zafi da haske suna kashe ƙarfinsa. Kwalbar da ta wuni a rana kan tebur a Wunti ko Muda Lawal, ko ta kwana bakin taga a watan Afrilu, mai yiwuwa ƙamshi kawai ya rage mata. Ki saka taki cikin akwati, ƙarƙashin kaya.