Wa Zai Ceci Hantar Talaka?

'Yan'uwa ɗalibai, har yaushe za mu zuba ido? Daga Katanga zuwa Maiyama, da zarar idon mutum ya yi ruwan ɗorawa sai a ce shawara ce, a ɗura masa jiƙo. Alhali sau da yawa hanta ce ta gaza tace jini, jiƙon kuwa ƙarin kaya ne gare ta. Tun 2004 Nijeriya ta sa rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin alluran jarirai, kyauta, ta farko ran haihuwa. Amma jarirai nawa askar wanzami ke riga allura taɓawa? Mu da ke karatu a Aliero da gumin talakawan nan, bashi ne a wuyanmu. Hutun nan kowa ya kai ƙannensa a gwada jininsu, ran suna kuma ya tsaya sai an sa sabuwar reza.