A kawo kuɗin tallafin tarihi ƙauye tun masu labarin suna raye

A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin mayar da darasin tarihi makarantun firamare da ƙananan sakandare, bayan ya shafe fiye da shekara goma a waje, ta kuma ce za a fara da horar da malamai 3,700. Na yi murna, kamar duk wanda ya sha ƙurar alli. Sai dai malamin da ke ƙauyen ƙasar Ɗambatta ko Makoɗa ko Kunchi tambayarsa ɗaya ce: da me zan koyar? Babu littafi, babu hoto, babu muryar da zai kunna wa yara. Daga allo sai abin da ya rage masa a ka.

Ba kuɗin ne babu ba. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, kuma a ciki akwai kason kayan koyarwa. Bankin Duniya yana da shirin ilimi na AGILE a Kano, Birtaniya tana da nata mai suna PLANE, gwamnatin jiha kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Roƙona ga masu riƙe da waɗannan kuɗi shi ne su yanki wani abu su ba masu shirya sauti da hotuna da ƙananan littattafai na tarihi da al'ada, da Hausa, kuma a yi aikin a inda yaran suke.

Na ce a inda yaran suke domin na san yadda irin wannan tallafi yake ƙarewa. A yi taro a otal, a ɗauko hawan Sallah, a haska Gidan Makama da dutsen Dala da karofin Ƙofar Mata, shi ke nan an gama tarihin Kano. Waɗannan duk namu ne, ina alfahari da su. Amma yaron da ya ga wannan kaɗai zai tashi da zaton tarihi abu ne da ya faru a cikin badala, shi da iyayensa 'yan kallo ne. Wata ƙungiya ta taɓa kawo mana fayafayan bidiyo masu kyau a makarantar da na koyar, alhali garin ko turken wuta babu. A kabad ɗin hedimasta suka tsufa.

Ga shi kuwa tarihi muke takawa kullum. Tun a shekarun 1960 Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi nazarin gonakin da ke kewaye da Kano, yana neman sanin yadda jama'a masu yawa haka suke noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Amsar tana wurin kakanninmu. Jaki ya kai itace birni, ya dawo da mangala cike da taki da toka. A tara kashin awaki da tumaki a bayan gida duk rani, a kwashe kafin ruwan shuka a zuba kashi-kashi. A bar gawo a tsakiyar gona, domin shi da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ƙarƙashinsa kuma ya fi ko'ina yabanya. A yi gicci, gero da dawa da wake a gona guda, in wannan ya ƙi wancan ya yi, harawar kuma ta riƙe dabbobi har ciyawa ta fito. Mahaifina yakan murza ƙasa a tafin hannu ya ce wannan jigawar ta gyaɗa ce, wancan gefen na ƙaura. Yau akwai ɗan aji shida, ɗan manomi jikan manomi, da bai san bambancin ƙaura da farfara ba, bai kuma san yadda ake ɗora rumbu a kan duwatsu don gudun gara ba.

Ba noma kaɗai ba. Masaƙan Minjibir da maginan tukwane na Dawakin Tofa suna da labarin sana'arsu. Yaron Ɗambatta ya kamata ya san dalilin da sarautar Sarkin Bai take gidan Dambazawa, ya san Ɗan Tunku wanda ya kafa masarautar Kazaure bayan doguwar fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Akwai kuma Maguzawa, 'yan uwanmu da suka riƙe tsofaffin kalmomi da al'adun noma da mu muka saki. Wasu za su ɗaure fuska a nan. Ni ina ganin sanin abin da kakanni suka yi ba bin sa ba ne, kuma Tarihin Kano da malamai suka rubuta da Larabci da labarin Barbushe ya fara.

Aikin ba mai tsada ba ne. A ba ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da na sashen Hausa na Jami'ar Bayero na'urar ɗaukar murya da kuɗin mota, su zauna da tsofaffi, mata da maza, a zaure da cikin gida. A biya tsohuwar da ta ba da labarin ɗan hasafi, a kuma faɗi sunanta a shirin in ta yarda. A tace a mayar da shi darasin minti goma sha biyar, a sa a rediyo, a zuba a katin waya, a ba kowace makaranta lasifika mai cajin rana da ƙaramin littafi mai hotuna. Mun ga yadda aka yi darasi ta rediyo a 2020 da annoba ta rufe makarantu, iyayenmu kuma sun ga majigi ya shigo ƙauye da nasa injin. A ajiye kwafi ɗaya a Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, ɗaya kuma a garin da aka ɗauko labarin.

Za a ce rufin aji da kujeru ne kan gaba. Gaskiya ne, na koyar da yara suna zaune a ƙasa, ba zan raina wannan ba. Amma rufi in an makara bana za a iya yin sa baɗi. Tsohon da ya kora jaki da taki daga birni yana da shekara tamanin ko fiye. Hukumar Fassara ta Zariya ta tattara Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, Alhaji Abubakar Dokaji ya rubuta Kano ta Dabo Cigari, har yau da su muke kafa hujja, amma galibinsu labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe ne. Na talakan gona har yanzu a baki yake.

Kwamitocin makarantu na iyaye da masu unguwanni su ne ya kamata su rubuta wa sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi da hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, SUBEB, su nemi a ware wa wannan aiki kasonsa. In an amince, a fara ɗaukar muryoyin bayan an kai amfanin gona gida, lokacin da manomi yake da sukunin zama ya yi magana.