Lafiyar Iyali: Sanƙarau Ba Ya Jiran Wayewar Gari

Hunturu ya wuce, bazara ta kunno kai, lokacin sanƙarau ke nan. Mu na Talata Mafara da Bakura da Maradun ba mu manta da shekarar 2017 ba, sa'ad da cutar ta ɓarke a Zamfara, ta bazu har Sakkwato da Katsina, ta kashe mutum fiye da 1,000 a Nijeriya. Ta 1996 kuwa ta ci rayuka fiye da 11,000.

Akwai wani tantani wanda ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya. Ƙwayoyin sanƙarau sukan fito daga tari da atishawa, su zauna a maƙogwaro. In ƙura da busasshiyar iska sun raunana wurin, sai su shiga jini, su kai ga tantanin nan ya kumbura. Yakan iya kashe mutum cikin yini guda.

Alamunsa su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, amai, ƙin haske, ruɗewa, da sandarewar wuya. Jariri kuwa yakan ƙi nono, maɗigarsa ta kumburo. Kada ku ce sai wuya ya ƙage tukuna.

Maganinsa yana asibiti. Allura ce mai suna ceftriaxone, wadda akan yi kwanaki ana yi. Likita yakan ɗebi ɗan ruwa daga ƙashin baya domin ya gane irin ƙwayar. Waɗansu iyaye sukan tsorata su gudu da yaro. Kada ku yi haka, ruwan kaɗan ne, jiki kuwa yana mayar da shi. Tsaga da hayaƙi da ƙwayoyin kanti ba sa kai wa inda ciwon yake. In ba magani, wajen rabin masu ciwon sukan mutu. Waɗansu da suka warke sukan kurumce, don haka a gwada jin yaro bayan an sallame shi.

A 2024 Nijeriya ta riga ƙasashen duniya fara allurar rigakafin da ke tare iri 5 na ƙwayar. In masu allura sun zo, ku fito da yara. Ku rage cunkoso a ɗakin kwana, ku buɗe tagogi. In kuwa ciwo ya zo da dare, a tashi mai babur a daren, kada a jira safiya.

Sai wata mai zuwa.