ƊAN WASA YA HAU KUJERA: INA RABON MUTANEN KIRIKASAMMA?

Tun da Gwamnatin Tarayya ta naɗa Malam Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya cikin watan Janairu na 2024, masu wannan sana'a a Kano da Kaduna da Jos suka yi ta murna, suna cewa yau ga nasu ya samu. Murnar kuwa tana bisa hanya, gama tun da aka kafa hukumar a 1979 aka ajiye hedkwatarta a Jos, wannan ne karo na farko da aka danƙa ta a hannun ɗan wasan fina-finan Hausa na bidiyo. Amma akwai waɗanda ba a ji ta bakinsu ba, watau 'yan kallo na karkara, irin mutanen Kirikasamma da sauran garuruwan fadamar Kogin Haɗeja, waɗanda da kuɗinsu aka raini sana'ar.

An haifi Ali Nuhu a Maiduguri a 1974, ya yi karatun labarin ƙasa a Jami'ar Jos. Fim ɗin Sangaya ne ya fito da shi sosai, daga nan ya kafa kamfanin FKD, ya shiga ba da umarni, ya kuma ƙetara zuwa fina-finan Kudu, inda rawar da ya taka cikin Sitanda ta jawo masa lambar yabo ta Afirka a 2007. A 2017 ya ba da umarnin Mansoor, ya ɗora nauyin labarin a wuyan sababbin 'yan wasa. Ashe ke nan babu lungun sana'ar da bai leƙa ba.

Ba shi ne farau ba a wannan tafarki. A Amurka, Clint Eastwood, wanda tsofaffin masu zuwa sinima suka sani da fina-finan kaboyi, ya kafa kamfaninsa Malpaso a 1967, ya soma ba da umarni a 1971, ya ci lambar Oscar ta gwanin darekta sau biyu, da Unforgiven na 1992 da Million Dollar Baby na 2004. Har ma ya riƙe magajin garin Carmel daga 1986 zuwa 1988. Amma abin lura a tarihinsa shi ne yadda ya yi amfani da farin jininsa ya samo jarin labaran da 'yan kasuwa ke ɗari-ɗari da su. A 2006 ya yi fim a kan yaƙin Iwo Jima da harshen Japananci, ya nuna yaƙin ta idon sojojin Japan, abokan gaban ƙasarsa a lokacin. A maƙwabciyarmu Nijar kuma, marigayi Umaru Ganda ya fara da fitowa cikin fim ɗin Bafaranshe Jean Rouch a 1958, sa'an nan ya ɗauki kyamara da kansa ya ba da labarin mutanensa, har fim ɗinsa a kan auren mace fiye da ɗaya ya ci babbar lambar bikin Wagadugu a 1972. Abin da ya haɗa su biyun shi ne, sun mai da suna ya zama jari, suka kashe shi a kan labarin da ba mai ba da shi in ba su ba.

To, da wannan mudu ya kamata a auna sabon shugaban, kuma Kirikasamma wuri ne da ya dace a yi awon. Manomi a can yana da labarin da ya fi ƙarfin ƙage. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka bi da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan Kogin Haɗeja ta sake. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen da ke yi wa hatsi ɓarna. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ta ci gonaki da gidaje a ƙasar Haɗeja. Ga dausayin Baturiya, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai duk hunturu. Ga zaman manomi da makiyayi da masunci a kan ruwa guda. Duk da haka, in saurayi ya kunna wayarsa a kasuwar ƙauye, abin da zai fi gani shi ne falon attajirin birni da rigimar soyayya. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Ba za a ɗora wa masu shirya fim laifin duka ba, gama kasuwa ce ta kore su zuwa can. Tun da satar fasaha ta karya cinikin faifai, sana'ar ta koma dogon shiri a YouTube da tashoshin talabijin. Mutumin karkara kuwa, saboda tsadar intanet, wurin masu turi yake zuwa a zuba masa fim a waya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa ko kwabo ba ya komawa ga mai fim. Wanda kuɗinsa ba ya isowa kuwa, labarinsa ma ba zai iso ba. Nan ne aikin hukuma yake. Fatattakar masu turi ba za ta haifi ɗa mai ido ba, domin su ne sinimar ƙauye a yau. Abin da ya fi shi ne a zauna da ƙungiyoyinsu da na masu fim a tsara lasisi mai sauƙi, yadda kowa zai sami rabonsa.

Hukumar kuma tana da gadon da za ta dogara a kai. A ma'ajiyarta aka gano Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka gyara shi aka nuna a Berlin a 2018. Abin kunya ne a ce Jamusawa sun kalle shi, jikokin masu harshen kuwa a Haɗeja ba su san da shi ba. A da, motar majigi kan bi ƙauyuka tana nuna irin su Baban Larai don koyar da noma. Babu abin da zai hana a farfaɗo da ita tare da Gwamnatin Jihar Jigawa, a kuma keɓe gurabe a makarantar koyon fim ta Jos domin 'ya'yan karkara, su koyi riƙe kyamara su dawo su ɗauki fadamarsu.

Kujerar hukuma aro ce, tana da wa'adi. Bukukuwa da lambobin yabo a Abuja za su wuce a manta. Amma in har masuncin Kirikasamma ya ga kansa a fim, aka kuma biya wanda ya shirya fim ɗin haƙƙinsa, to, lalle za a ce naɗin nan ya yi rana.